Gwaggo, Bakin Masu Kunya

Na Allah muke, gare Shi za mu koma, Gwaggo dai ta riga mu tafiya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nata ba. A tabarma ɗaya ana kuka ana dariya, har Baba ya aiko daga zaure a tambaya ko biki ake yi a cikin gida. Aka ce a ba shi haƙuri, labarin yayarsa ake bayarwa. Ya sake aikowa: "To a ci gaba, amma a rage murya, Liman yana nan."

Mata suka cika gidan, daga nan cikin Funtua, daga Dayi, daga Kafur, daga Gozaki inda aka haife ta. Kiristocin da muke aiki tare suka zo da ɗankwalinsu na zuwa coci, suka zauna a cikinmu. Kusan kowace da yaro ta zo, wani a goye, wani ya isa makaranta. Sai ta tura shi gaban Inna ta ce, "Wannan ma ɗan gyale ne." Heluma, shugaban leburorin kamfaninmu, wanda suka yi shekaru suna faɗa da Gwaggo, ya zauna a ƙofar gida ya ƙi taɓa abinci. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Yanzu wa zai riƙa zagina da safe?"

Ni ban yi dariya ba a ranar farko, domin a jikina ta cika. Har yanzu in jiniyar kamfani ta yi kuka, safiyar rasuwarta ce take dawo mini. Amma wanda bai san wurin aikinmu ba ba zai gane mene ne ɗan gyale ba, kuma ba na so maganar ta bi ta kabari. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goye ni. Tun kafin a koma naira take aiki a wani kamfanin gurzar auduga da matsar man angurya, a rumfar mata masu ɗinkin buhu. Gajeriya ce, muryarta ta fi jikinta. Basillarta ba ta rabuwa da ita, a ɗankwali take soke ta, in magana ta yi zafi ta zaro ta riƙa nuna mutum da ita. Da na gama sakandare ita ta kai ni aka ɗauke ni aikin buga tafireta a ofis. Daga ranar ta daina kirana 'yar nan, ta koma "Ta Ofis".

Kowa ya san mace ba ta maganar cikin fari. Ba ta faɗa wa uwarta, balle namiji, balle manaja. In lokaci ya matso sai iyaye su zo su ɗauke ta, ta haihu a gida, ta yi wankan jego. To haka matan rumfa suke yi. Yau ana ganin yarinya tana ɗinki, gobe babu ita, babu wanda ya ce wa ofis komai. Ofis kuwa sai ya ɗauka ta gudu, Heluma ya kawo wata daga danginsa ya zaunar a wurinta.

Wata 'yar Dayi ce ta tayar da Gwaggo. Ta dawo bayan arba'in da jaririnta a baya da basillarta a hannu, aka ce mata babu wuri. Ta tsaya a bakin rumfa, ta juya. Gwaggo ta ajiye buhu ta nufi ofishin tsohon Manaja, wani ɗan kudu ne amma haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa kamar tamu. Ita ce ta ba ni labarin, kuma duk sanda za ta bayar sai ta yi muryarsa.

"Manaja, ka kori mai jego."

"Gwaggo, ban kori kowa ba. Tafiya ta yi. Wa ya gaya mini?"

"Ba ka da ido? Yarinya tana tafe kamar randa."

"Idona ba aikinsa ke nan ba. In na kalli cikin matar mutane ku ce ba ni da kunya, in ban kalla ba ku ce ba ni da ido. A gaya mini da baki."

Gwaggo ta mayar da basillarta ɗankwali. Can ta ce masa, "To su ba za su faɗa ba. Ni zan riƙa gaya maka."

Ba a daɗe ba wani mutumin ofishin leba ya zo daga Kaduna yi wa ma'aikata bayanin sabuwar doka. Maza aka tara. Gwaggo ta kwaso matan rumfa suka tsaya daga baya. Yana shirin rufe littafinsa ta ɗaga basilla.

"Malam, duk wannan na masu wando ne. Mu fa?"

Mutumin bai ji haushi ba. Ya buɗe wani wuri ya karanta, ya mayar da Hausa. Mace tana da hutu mako shida kafin ta haihu, mako shida bayan ta haihu. Ba a korarta a cikinsa. In ta daɗe a aikin, rabin albashinta yana nan. In ta dawo, ana ba ta lokaci sau biyu a yini ta shayar da ɗanta. Sai dai a sanar da ofis, a kawo shaidar asibiti.

Gwaggo ta lissafa da yatsu, ta juyo wurin mata ta ce, "Arba'in ke nan har da gyara. Wanda ya rubuta dokar nan, uwarsa ta yi wankan jego."

Daga nan gyalen ya samo asali. Kore ne mai zaren azurfa a baki, wanda ta ajiye don biki. Ta ce ba a shiga ofis da ƙurar auduga a ka. Ta linke shi ta ajiye a kwalla a rumfa, ba ta fito da shi sai za ta kai maganar wata. Ba ta jira a gaya mata. Tana lura da wadda ta fara kawar da kai in iska ta kawo warin man angurya, da wadda ta fara ɓoye tsamiya a gefen zani. Ba ta tambaya. Za ta matsa kusa kawai ta ce, "Gobe za ni ofis." In yarinya ta sunkuyar da kai, magana ta ƙare.

Ranar da aka ga koren gyale ya ratsa fili, aiki yakan tsaya. Masu ɗaukar dilar auduga su ajiye, direbobi su leƙo. Sai a shiga canke, ana kallon amare ɗaya bayan ɗaya, su kuma duk su duƙufa kan buhu kamar an ce wadda ta ɗago ita ce. Akwai ranar da mazan wurin suka kewaye wani ango da murna, yana rantsuwa yana neman hanyar gudu, ashe Gwaggo ƙorafin rufin rumfa ta kai, yana yoyo. Da ta fito ta ji abin da ya faru, ta dube shi ta ce, "Ai kai ma ka yi ƙoƙari, gyalen yana jiranka." Bai ƙara bi ta gaban rumfa ba sai da damina ta wuce.

Tsohon Manaja ya saba. Da ya hango ta sai ya ce, "Gwaggo, wa kuma?" Ta faɗi suna, ya rubuta, ta raka yarinya asibiti ta yi mata bakin a can ma. 'Yar Dayi kuwa ba ta huta ba sai da aka mayar da ita, ko da yake sai da aka kai kakar auduga ta gaba.

Ba zan ce Gwaggo ta san doka duka ba. Wancan yankin da aka karanta mata ta riƙe, sauran kuma ta riƙa ƙarawa daga kanta. Doka ta ce a share rumfa kafin mata su zo. Doka ta ce Heluma ba zai ci goro shi kaɗai ba. Wata rana ya gaji ya ce, "Gwaggo, a wane shafi?"

"Shafin da ba ka kai ba."

"Ke da ba ki iya karatu ba?"

"Kai ka iya? To mu biyu ne. Miƙo goron."

Ya miƙa. Faɗansu na gaske shi ne kan shayarwa. Akwai mangwaro a bayan rumfa, nan kakanni suke kawo jarirai da hantsi da kuma bayan azahar. Heluma ya ce ana ɓata lokaci, ya sa aka jibge buhunan angurya a gindin itacen don a rasa wurin zama. Gwaggo ta kwashi masu jego da jariransu ta kai su inuwar ɗakinsa, daidai taga. Jariran suka haɗa murya. Kafin la'asar shi da kansa yake jan buhunan yana cewa, "Ku koma ofishinku, na tuba." Har yau ofishin Gwaggo ake kiran gindin mangwaron. Takan kawo kunun kanwa a tulu ta ajiye a can, in an yi godiya ta ce doka ce ta ce a sha. Ita Allah bai bar mata ko ɗaya cikin waɗanda ta haifa ba. Ba ta maganar, mu ma ba ma yi.

A gida kuwa abin bai yi wa kowa daɗi ba. Inna ta ɗauke shi rashin ta ido. Ina yarinya na ji su a tsakar gida.

"Yaya, maganar cikin fari a gaban namiji, baƙo ma? Iyayenmu ba su yi haka ba."

"Iyayenmu ba su yi aikin kamfani ba."

"Kunya fa?"

"Kunyarsu tana nan, ban taɓa musu ita ba. Tawa na kashe, ni na tsufa, me zan yi da ita? Kunya ado ce, amma ba a ɗora ta a murhu."

Inna ta tashi ta shige ɗaki. Suka yi wata da watanni gaisuwa kawai ke haɗa su, sai da Baba ya yi ciwo suka haɗu a kan jinyarsa suka manta.

Wata maganarta da nake ji a kunnena ita ce, "Doka guga ce, ba ta shiga rijiya da kanta." Takan faɗa mini ita in ta leƙo tagar ofis ta same ni ina bugu. "Ta Ofis, kin iya Turanci kin iya inji, amma in Manaja ya yi tari sai ki miƙe tsaye. Wata rana da bakinki za ki faɗi magana a ɗakin nan." Nakan yi dariya in ce Allah ya bar mana ke.

Bana abubuwa suka canza. Tsohon Manaja ya yi ritaya, aka kawo sabo daga Legas, wanda Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Ga zamanin tsuke bakin aljihu, ko'ina rage ma'aikata ake yi. Ya sa aka manna sanarwa cewa duk wanda aka nema aka rasa ba tare da ya sanar da ofis ba, ya sallami kansa. Ni na buga ta da yatsuna. Shekarata guda da aure, kuma zanina ya fara yi mini kaɗan. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan, mai karatu ya gane. Maigidana malamin firamare ne, albashinsu sai an ga dama, aikina ne ke riƙe da tukunyarmu. Shi kuwa ya fi ni kunya. Na gwada bugawa a takarda in ajiye wa Manaja a tebur, na kai ƙarshen gaisuwa na tsaya. Ashe takarda ma baki ce.

Ranar Lahadi Gwaggo ta zo gidana, ta kalli ƙwallon tsamiyar da na manta a kan tabarma, ta ce, "Gobe za ni ofis." Na sunkuyar da kai. Ta yi dariya har da tafi, ta ce, "Wannan karon ke za ki yi mini tafinta, mu ga yadda za ki yi."

Da safe jiniya ta yi kuka, na hango koren gyale yana tahowa. Na fito na tarye ta a wajen dilolin auduga. Ta ce, "Tsaya, ƙasa tana juyawa." Ta zauna a kan dila, ta jingina da kafaɗata. Na ji nauyinta yana ƙaruwa. Ina kiran sunanta, ina jin ta tana salati a hankali, sai na daina ji. Ban san wa ya ɓamɓare hannuna daga jikinta ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

A kwanakin makoki tsoro biyu ne a kaina, na abin da na gani da na abin da ke tafe. Lokacin da Inna za ta zo ɗaukata yana matsowa, in na tafi ba a faɗa ba, sanarwar da na buga ni za ta fara ci. Na dubi manyan matan rumfa, kowace ta kawar da ido. Ban ga laifinsu ba. A wannan zamani wadda ta kai fuskarta ofis, ita za a tuna ranar ragi.

Ranar sadakar uku wata yarinya ta matso kusa da ni, 'yar Kafur, Kirista, wadda take ɗinki a gefen Gwaggo. Bara aka yi bikinta. Ta daɗe tana murza bakin zaninta kafin ta yi magana.

"Yaya, ni ma ta ce mini za ta ofis."

Na dube ta, ta dube ni, kowace ta sauke ido kan zanin 'yar'uwarta. Sai dariya ta kama mu, irin wadda ke zuwa da hawaye. Ranar na fara dariya.

Ita ce ta kawo dabarar. Ta ce, "Naki ne ba za ki iya faɗa ba. Nawa fa?"

Na ce, "Naki zan iya."

"To ni ma naki ba ya yi mini nauyi."

Da zan koma gidana bayan sadakar bakwai, Inna ta kira ni ɗaki. Ba ta dube ni ba, ni ce 'yarta ta fari, ko sunana ba ta faɗa. Ta tura mini ƙullin tsumma da ƙafa ta ce, "An wanke. Ba a shiga ofis da ƙura a ka." Koren gyalen ne.

Ranar da muka koma aiki na yafa shi. Ya yi mini nauyi kamar bargo. Muka ratsa fili ni da 'yar Kafur. Aiki ya tsaya kamar yadda ya saba, amma babu wanda ya yi canke, babu wanda ya yi dariya. Heluma ya taho da sauri, na ɗauka hana mu zai yi. Sai ya wuce gabanmu ya ƙwanƙwasa ƙofar da kansa, ya koma gefe ya tsaya.

Manaja ya ɗago. Ya yi mini ta'aziyya, ya tambayi abin da ke tafe da mu. Na kama bakin gyalen, na gaya masa da Turanci cewa wannan yarinya tana da juna biyu, za ta tafi gida haihuwa, kuma doka ta ba ta hutu, wurinta yana jiranta. Ya ce ya san dokar, ba sai an karanta masa ba. Ya jawo takarda ya rubuta sunanta, ya ce ta kawo shaidar asibiti. Ya tambaya me ya sa ba ta faɗa da kanta ba. Na ce a nan ba a faɗa. Ya ce to da ya kori mutane bai san dalili ba.

Sai 'yar Kafur ta miƙo hannu ta zare gyalen daga kaina ta yafa. Ta gyara tsayuwa, ta nuna ni, ta faɗi maganata da Hausa, tiryan-tiryan, har da "doka ta ce".

A nan dabararmu ta fashe. Mun shirya komai, mun manta mutumin ba ya jin Hausa. Ya juyo wurina ya ce, me ta ce?

Babu wani tafinta a kamfanin sai ni. Na dubi ƙofa, Heluma ya ba mu baya yana kallon sama. Na dubi 'yar Kafur, ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Sai na ji kamar Gwaggo tana leƙowa ta tagar nan da basillarta. Na kalli ƙasa, na fassara masa abin da ta ce, ban rage ko kalma ba.

Ya rubuta sunana a ƙarƙashin nata.

Da muka fito, matan rumfa suna tsaye a gindin mangwaro. Wata tsohuwa ta ce, "Ta Ofis, an ce da bakinki kika faɗa."

Na ce, "Ni ban faɗi komai ba. Fassara na yi."

Aka yi ta dariya har Heluma ya zo ya ce a koma aiki, wata ta ce masa doka ta ce a bari a gama. Ya sa hannu a aljihu ya fito da goro.

Gyalen yana cikin kwallarsa a rumfa. Mun yi shawara ba na kowa ba ne, wadda za ta kai maganar wata ita ke yafawa. Har yanzu in jiniya ta yi kuka nakan leƙa taga, ban san ranar da zan daina ba. Jibi Inna za ta zo ta tafi da ni, kujerata da tafiretata suna nan suna jirana.

Allah ya gafarta wa Gwaggo, ya yalwata mata kabari, ya haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta. Waɗanda ta bari a nan suna da yawa, wasu ma ba su iso ba tukuna.